Kawuna da Baƙin Allonsa

Daga Allah muke, kuma gare shi Kawu ya koma ranar Laraba da hantsi, yana zaune a zauren gidansa da ke unguwar Television, rediyonsa a kan cinya. Wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, shi ya aurar da ni, shi kuma ya samo mini aikin buga tafireta a kamfanin robobin da yake aiki a Kudenda. Zaman da muka yi a ɗaki ɗaya a ofis ya sa na san shi fiye da 'ya'yan da ya haifa. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Abin da kunnena ya jiye mini a zaman makoki ne ya ishe ni.

Manajanmu ya zo ranar sadakar uku. Ya sa direba ya ajiye motar kamfani daidai bakin ƙofa, inda kowa zai gani, har masu shigowa da kwanukan abinci sai da suka riƙa raɓawa. Ya shigo cikin gida ya gaida Inna, matar Kawu, yana tattare babbar rigarsa kada ta taɓa ƙasa.

"Hajiya, Allah ya ba da haƙuri. Baba ma'aikaci ne, babu mai musu. Sai dai fa taurin kai. Bin zamani ne kawai ya ƙi, da har ƙarshe yana tare da mu."

Matar da ke cikin takaba ake gaya wa haka. Inna ta ce amin, ta sunkuyar da kai. A bayan Manaja ƙanen matarsa ne tsaye, wanda yanzu yake zaune a kujerar Kawu, yana gyaɗa kai yana satar kallon agogo.

A waje kuma Yaya, babban ɗan Kawu, ya iso daga Tudun Wada da sabuwar shadda. Ina jiyo muryarsa ta kan katanga yana shaida wa mutane wai mahaifinsa ne ya fara kawo kwamfuta Kaduna. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar ofishinmu ba, wanda in ka ajiye masa kwamfuta zai nemi inda ake murɗo tasha. Matan unguwa su ma ba a bar su a baya ba. Wata ta ce hasken injin ne ya tsotse masa jini. Wata ta ce ai dama abin da yake amsa magana ba shi da baki, ba a rasa mutanen ɓoye a cikinsa. Suka yi ta yi, suna ɓare gyaɗa. Mutum ɗaya na ga ta yi kukan da ya fito daga ciki, ita ce Madam, abokiyar aikinmu 'yar Filato, wadda ta zauna a bakin murhu da ɗankwalinta na coci ta ƙi sa komai a baki.

To, su ji. Kawu yana da taurin kai, har ya yi masa yawa, ni ce shaida. Amma ba taurin kai ne ya tashe shi daga kujerarsa ba. Idanunsa ne. Shekaru ganinsa yana tsukewa, kuma babu abin da yake tsoro a duniya, har mutuwa, kamar a gane haka a ofis, a fara ce masa "sannu Baba" da muryar tausayi, a kama masa hannu a kan matakala. Daga ni sai Inna sai likita muka sani. Ya ce kada ya ji maganar a bakin kowa muddin yana numfashi. Yanzu ba ya yi.

Babban akawun sito ne shi lokacin da aka kawo kwamfuta ta farko, farkon shekarun nan na tamanin. Aka ware mata ɗaki, aka sa mata na'urar sanyi, abin da ba a taɓa yi wa ɗan Adam ba a kamfanin. Samarin akawu duk suka noƙe, kowa yana tsoron ya taɓa ta lalace a hannunsa. Kawu, da furfurarsa, ya ce shi zai koya. Kada wani ya ɗauka son ilimi ne. Ba zai iya jure a ce wani yaro ya san abin da bai sani ba, shi ke nan.

Ita kwamfuta ƙarfe ce kawai da gilashi. Abin da yake tashinta ya sa ta saurari mutum shi ne babbar manhajarta, wadda a ofis muke ce wa sistem. Kawu kuwa hankalin inji yake ce masa. Na farkon a kan wani faifai yake mai faɗin murfin tukunya, kullum da safe sai an zura shi a bakin injin. Sai injin ya yi gurnani, ya yi tari, can sai harafi ɗaya ya fito a baƙin allo, da wata 'yar alama koriya tana ƙyaftawa a gefensa. Ba sannu, ba ina kwana. Jira kawai take a rubuta mata umarni, in ka kuskure harafi ɗaya ta dawo maka da alamar tambaya.

"Jaki ne," in ji Kawu. "Kullum da safe sai an tuna masa sunansa."

In kuma Manaja ya shigo da baƙi, don a lokacin duk wanda ya ziyarci kamfanin sai an kai shi ya ga kwamfuta, sai Kawu ya juya. "Kun ga mai ladabi. Ba ya magana sai an yi masa. Masu 'ya'ya ku kawo su su gani."

Haka yake da komai. Ban taɓa jin ya yabi abu kai tsaye ba. Tuwon Inna in ya yi daɗi, cewa yake yau an yi kuskure. Takalmi ake cirewa kafin a shiga ɗakin injin, dokarsa ce, wai saboda ƙasa. Har Manaja sai ya tuɓe, kuma na tabbata Kawu ya kafa dokar ne don ya riƙa ganin safar Manaja mai huji. In aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki ba ya ko tsaki. Sai ya naɗe hannu ya ce, "Madalla, shi ma ya tafi hutun da ba a ba shi ba, kamar sauran ma'aikata."

Ba a daɗe ba aka ce wancan sistem ya tsufa. Aka kawo sabon inji mai ƙananan faya-fayai, da sabon hankali. Allon dai baƙi ne, alamar tana nan tana ƙyaftawa, amma an sauya kalmomin umarni. Kawu ya zage shi tas, sannan ya zauna ya haddace shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kwafi. A tsohon, in za ka kwashe aiki daga faifai zuwa faifai, inda za a kai kake fara faɗa, sannan inda za a ɗauko. A sabon an juya. Wata Juma'a ana sauri za a tafi masallaci, hannunsa ya bi tsohuwar hanya, ya kwaso tsohon aiki ya danne sabo da shi. Aikin sati guda ya tafi.

Manaja ya sauko yana huci, ya faɗo ɗakin da takalmansa.

"Baba, wa ya yi wannan ɓarna?"

"Wanda ya juya magana," in ji Kawu. "Kai in ka tare direba a tasha, me kake fara gaya masa? Inda za ka. Wane mahaukaci ne zai fara da inda ya fito? Sannan ka koma ka cire takalmi."

"Ni kake cewa in fita?"

"Inji ne ya ce. Ni tafinta ne."

Har ya koma ga Allah bai amsa laifin nan ba. Ni da Madam muka zo ranar Asabar, ranar wankinmu, muna karanto masa takardun sito yana bugawa, yana kuma ce mana ba mu iya karatu ba. Da la'asar ya fita ya dawo da balangu a takarda, ya dangwarar a tebur ya ce mai naman ne ya matsa masa. Ban haƙurin ke nan.

Wannan sistem ɗin yana da wata tambaya da yake yi in faifai ya ƙi karantuwa: a fasa, a sake, ko a ƙyale? Kawu ya ɗauke ta ya kai gida. In Yaya ya zo da sabuwar dabarar kasuwanci, ko jika ya kawo sakamakon jarrabawa, ko ni na kai ƙarar mijina, sai ya gama saurare ya juya wajen Inna ya ce, "To, a fasa, a sake, ko a ƙyale?" Inna kullum a ƙyale take cewa, shi kuma ya ce da ita aka ba injin da kamfani ya rufe tuni.

Lokacin da aka shiga rage ma'aikata, masaƙun Kakuri suna ta sallama, mu ma abin ya iso mu. Aka fara raɗe-raɗin masu tafireta za a fara kora, tunda ga inji. Ni ina da miji. Madam kuwa mijinta ya rasu ya bar mata yara a ɗaki ɗaya bayan kasuwar Television. Kawu bai ce mata komai ba. Ranar nan bayan azahar, lokacin hutun cin abinci, ya jawo kujera da ƙafa ya ce, "Madam, zo nan ki zauna, kin cika mini kunne da ƙarar tafiretar nan."

Ya koya mata, amma Allah ya kiyashe ka da irin koyarwar.

"Waɗannan yatsu ne ko rogo?"

"Baba, ka yi haƙuri, kaina ya tsufa."

"Nawa jiya aka haife shi? Sake."

Sau nawa tana zagawa bayan ofis ta share hawaye ta dawo. Amma ranar da Manaja ya sauko da maganar sallama, ya tarar da ita ita kaɗai a gaban allo tana fitar da lissafin kayan sito ba gargada, Kawu kuwa ya tafi alwalar da ba lokacinta ba, ya kuma daɗe. Ba a kore ta ba. Da ta kawo masa dankalin Turawa daga garinsu don godiya, ya sa hannu a buhun ya ce ƙanana ne. Ni ma ya koya mini daga baya, da zagi ninki biyu, wai ni jininsa ce.

Sistem na uku shi ne wanda ya tare a cikin injin kansa, ba sai an zura faifai da safe ba, kuma ana iya yi wa aiki ɗakuna, ɗaki cikin ɗaki. Kawu ya ce an mai da inji gidan haya. Ya ce kowane sabo da aka kawo ya fi na baya ci, ya fi shi surutu, aikin kuma ɗaya ne. Yana faɗa yana shafa madannan da tafin hannu.

A zamanin wannan ne na gane idanunsa sun fara tafiya. Na ajiye masa shayi a gefen dama, inda na saba, na ga yana lalube har ya ture kofin. Na ɗauka gajiya ce. Bayan 'yan kwanaki muna sauka daga bas ɗin ma'aikata, mai keke ya taho ta gefensa da rana tsaka, ƙiri-ƙiri, Kawu ya shiga gabansa kamar babu kowa a hanyar. Mai keken ya sha zagin da bai ci ba. Na gaya wa Inna, ashe ita ta daɗe da lura, tsoron bakinsa ya hana ta magana. Muka yi masa taron dangi, da ƙyar ya yarda muka je asibiti, can tsallaken kogi, inda ba zai haɗu da ɗan kamfani ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ci gefe da gefe, saura tsakiya. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce abin da ya tafi ya tafi, a yi ƙoƙarin riƙe saura.

A hanyar dawowa, muna kan gada, Kawu ya ce mini, "Kin san leƙe ta ramin makulli? Haka nake ganin duniya." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba a yi asarar komai ba. Dama babu abin kallo a cikinta."

Abin da ya rufa masa asiri shi ne baƙin allon nan. Alamar ba ta yawo. Kullum tana gefen hagu, a layin ƙarshe, tana jira. Sai ya ɗora ɗan ramin ganinsa a kanta, ya karanta layi ɗaya, ya ba da umarni, umarnin kuwa duk suna cikin yatsunsa. Wanda ya gan shi a gaban inji ba zai taɓa cewa da abin da yake damunsa ba. Sauran kuma halinsa ya ɗauke masa. In aka miƙo masa hannu ta gefe bai gani ba, sai a ce girman kai, shi kuwa daɗi yake ji. Ya sayi baƙin tabarau ya ce koren haske ne yake sa masa ciwon kai, nan da nan samarin ofis suka sayi irinsa, wai su ma ma'aikatan kwamfuta. A gida Inna ta hana a gusar da komai daga inda yake, ko buta ko tabarma. Daga bakin get zuwa ofis kuma ni nake tafiya a gabansa kaɗan ina surutu da ƙarfi, yana bin muryata yana ce mini in rufe masa baki. Masu gadi sun ɗauka kullum faɗa muke.

Na sha yi masa magana. "Kawu, ciwo ba abin kunya ba ne. Ka gaya wa Manaja a rage maka aiki."

"Wa ya ce miki ciwo ne abin kunya? Tausayin wancan shi ne abin kunya."

Can wajen ƙarshen shekarun tamanin ɗin aka tura ƙanen matar Manaja kwas Legas. Saurayi ne da aka ɗauka aiki don an rasa inda za a ajiye shi a gida. Ya dawo da taye a wuya, da Turancin hanci, da sabon inji a kwali. Aka tara mu a ɗakin, kowa ba takalmi, za a nuna mana zamani.

Ya buga wani abu a madannai, allon ya yi fari fat. Ga ƙananan hotuna birjik, ga akwatunan da yake kira tagogi, wannan a kan wancan, kowanne a inda ya ga dama. Ga kuma wani ɗan abu mai wutsiyar waya a kan tebur, wai shi ɓera. In ka tura shi sai wata 'yar kibiya ta yi ta yawo a allo, ka kai ta kan hoto ka danna.

"Yanzu ba sai an haddace komai ba," in ji shi. "Ko ɗan firamare zai iya. Ido kawai ake buƙata."

Ido kawai. Kibiyar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, ba ta kuma zama wuri ɗaya. Ta ina mai leƙe ta ramin makulli zai kamo ta?

Manaja ya ce, "Baba, bismilla. Kai ne babba, kai za ka fara."

Kawu ya zauna. Ya lalubo ɓeran kamar da wasa, ya ɗora hannu a kansa. Ina tsaye a bayansa, ina ganin kibiyar can a kusurwar sama ta dama, shi kuma fuskarsa tana kallon ƙasa ta hagu, inda ya saba. Na buɗe baki zan yi dabara, in ce kai, ji 'yar kibiya can sama, sai ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya juyo ba. Ƙanen matar Manaja yana ta murmushi.

Sai Kawu ya sa bayan hannu ya ture ɓeran, ya faɗo daga tebur yana lilo a jikin wayarsa.

"Ni," ya ce, "da nake yi wa inji magana yana ji, yau ni za a mayar mai nuni da yatsa kamar yaron da aka kai kasuwa? In ce wancan nake so, a'a, wancan? Wannan renon jarirai ne. Ku ba wanda ya dace da shi, ga shi nan tsaye da igiya a wuya."

Manaja ya cika ya batse. "Baba, kamfani ya sayi abu. Ko ka koya, ko ka huta."

"Na huta."

Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya nufi ƙofa shi kaɗai, ya zura takalmansa ba tare da ya duba ba, ya fita. Ko tuntuɓe bai yi ba. Madam ta bi shi tana "Baba, Baba", ya ce ta koma bakin aikinta kafin a ba ɓera kujerarta. Kafin a tashi labari ya gama kamfani: tsoho ya ji tsoron sabon inji ya fake da zagi. Masu faɗar har da waɗanda shi ya koya musu inda ake kunna shi.

Duk waɗannan da suka cika mana ƙofar gida ranar sadaka suna jan carbi, babu ɗayansu da ya leƙo shi tun da ya bar aiki. Bas ɗin ma'aikata ta bakin layin gidan Kawu take wucewa safe da yamma. Madam ce kaɗai take biyowa ranar Lahadi in ta taso daga coci, ta zauna a bakin zaure ta ba shi labarin ofis, shi kuma ya ce mata bai tambaye ta ba, sannan ya ce, "Sai aka yi yaya?"

Ni kuwa na yi ta cin raina. In na ga kibiyar nan ji nake kamar in fasa allon. Sai wata rana tagogin suka cije, ƙanen matar Manaja ya yi ta danne-danne, gumi ya jiƙa masa taye, ƙarshe ya rufe su gaba ɗaya. Allon ya koma baƙi. Ga harafi, ga alama a gefen hagu.

"Wannan fa?" na ce.

"Au, wannan? Tsohon ne. Ai yana nan a ƙasa. Tagogin riga ce kawai aka ɗora masa."

"Ana iya aiki da shi yadda aka saba?"

"Me zai hana?"

"Shi ne ba ka gaya wa Baba ba?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ya tambaye ni?"

Abin da yake bakina in ya fito ni ma hutawa zan yi. Ana tashi ban wuce gidana ba, na sauka a Television. Na tarar da Kawu a zaure, la'asar sakaliya, da tabaransa da rediyonsa. Tun daga ƙofa na fara zuba. Na ce an cuce shi, an munafunce shi, tsohon sistem yana nan daram a ƙarƙashin hotunan. Na ce gobe mu je wurin Manaja, ni zan yi magana, ya koma kujerarsa a rufe masa tagogin banzan nan ya ci gaba da aikinsa.

Ya bari na gama. Ya rage muryar rediyo.

"Na sani," ya ce.

"Ka san me?"

"Ke kurma ce? Ba ki ji yaron ya buga umarni kafin hotunan su fito ba? Wa yake ba umarnin in ba tsohon ba? Tun bai ɗauke yatsa ba na gane."

Na zauna a dandamali. "To, Kawu, don me?"

Ya cire tabarau, abin da ya daɗe bai yi a gabana ba, ya juyo da fuskarsa wajen da yake zaton nake. Ya kuskure ni da kaɗan.

"Ramin ya toshe. Tun kafin azumi layin ya fara narkewa, ina ganin haske ba na ganin harafi. Da ka nake aiki, ina addu'a kada wata rana in goge musu sito gaba ɗaya a gane. Kullum ina neman ƙofar da zan fita da hulata a kaina, ban samu ba, sai ga wawan nan ya ɗauko mini ita tun daga Legas." Ya mai da tabaransa. "Bar su su ce taurin kai. Mai taurin kai haushinsa ake ji. Makaho kuwa sannu ake masa."

Raina ya ɓaci, na kuma gaya masa. Na ce wannan girman kai ne tsagwaronsa. Na ce ya zaɓi mutanen da ba su kai su ɗaukar masa takalmi ba su riƙa yi masa dariya, ya bar Madam tana kuka, ya bar ni ina haɗiyar baƙin ciki a ƙarƙashin yaron da ba ya iya rufe taga sai ya yi gumi. Na ce shi da su duk ɗaya ne, kowa ta kansa yake yi. Bai musa ba. Ya ce in na gama in miƙo masa buta.

Na miƙa masa. Ya riƙe ta, bai tashi ba. Ya karkata kunne ya ji Inna tana can cikin gida tana daka, sannan ya rage murya yadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Wai hotunan nan, yaya suke? Madam ta ce har da agogo mai hannu, yana tafiya a cikin allon."

"Akwai."

"Da kyau?"

Na dubi mutumin da ya zagi kowane sistem da aka kawo kamfanin nan, ya kuma riga kowa iya shi. Na ce, "Babu kyau ko kaɗan, Kawu. Tarkace ne."

Ya yi ɗan murmushi. "Ƙarya kike," ya ce. "Da cikin sati zan iya shi."

Bai kai wani azumin ba. Allah ya yafe masa zaginsa da girman kansa, ya karɓi alherin da ya yi ta yi yana ɓoyewa, ya haskaka masa kabarinsa, ya buɗe masa ido a kan abin da ya fi kowane allo kyau. Amin.